Zan sayi tsohon babban babur don in riƙa goya mai ɗakina zuwa gida, ko in haƙura?

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekaruna 34, ina da mata ɗaya da 'ya mai shekara biyu. Shekara tara ke nan ina hawan Boxer zuwa wurin aiki. Iyayen mai ɗakina suna Azare, mukan je gaishe su kamar sau shida a shekara, kuma tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya yi mana nauyi, ga zaman jira a tasha. Wani abokin aikina ya haɗa ni da mai sayar da babban babur ɗan Beljiyam, Honda ST1100 ƙirar 1998, irin mai akwatuna a gefe da faffaɗar kujera, a kan naira miliyan biyu da rabi. Na je na gan shi, an tayar mini da shi, ƙararsa lafiya lau, sai dai ya ce ya kai shekara guda a ajiye, kuma takardun kwastan suna hannun yayansa. Tun ina yaro nake sha'awar irin wannan babur. Kuɗin da zan biya su ne muke tarawa don sayen fili. Da na gaya wa mai ɗakina sai ta ce duk yadda na gani, amma tun ranar ba ta sake tayar da maganar ba. Mai babur ya ce in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a, domin akwai wani mai so. In saya ko in haƙura?

Wani mai karatu daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya neman shawara tun kuɗin suna hannunka. Zan fara ba ka amsar kafin in shiga bayani: kada ka ba da kafin alƙalami a wannan Juma'ar. Ban ce ka binne burinka ba, domin sha'awar da mutum ya taso da ita tun ƙuruciya ba abin kunya ba ce, kuma magidancin da yake aiki yana ɗauke da nauyin gidansa yana da haƙƙin ya so wani abu don kansa. Abin da na hango shi ne wasiƙarka ta sanya dalilai biyu a riga ɗaya, wato son da kake yi wa babur ɗin da kuma buƙatar kai iyali Azare cikin sauƙi, har ka fara ganin kamar abu guda ne. Idan ka raba su, za ka tarar cewa kowanne yana da tasa amsar dabam.

Shi kansa babur ɗin ba ni da abin da zan kushe a ƙirarsa. Kamfanin Honda ya yi ST1100 daga 1990 zuwa 2002 musamman don doguwar tafiya ta mutum biyu, har 'yan sandan Ingila sun daɗe suna aiki da shi. Injinsa mai silinda huɗu ne, ruwa ne yake sanyaya shi kamar mota, tankinsa yana cin lita 28, kuma ba sarƙa ce take juya tayar baya ba, wani ƙarfe ne a rufe, saboda haka babu shafa wa sarƙa mai ko ɗaure ta. Wanda aka nuna maka ma ya zo bayan 1996, shekarar da aka inganta na'urar cajin batir da ta riƙa ba na farko matsala. Wanda ya ce maka babur ne mai ƙarko bai yi ƙarya ba. To amma ƙarkon nan ya tabbata ne a hannun waɗanda suke yi masa sabis a kan lokaci, a ƙasashen da kayan gyaransa suke kusa, shi kuwa naka ya haura shekara 25 a duniya, kuma ya yi shekara guda yana zaune babu mai hawa.

Wannan zaman shi ne ya fi damuna, domin babur ya fi lalacewa a ajiye a kan yana tafiya. Fetur ɗin da ya kwana watanni a cikin kafireta yakan bushe ya bar danƙo, kuma wannan kafiretansa huɗu ne, waɗanda sai an wanke su an daidaita su da juna kafin ya ja yadda ya kamata. Tankin da aka bari babu mai yakan yi tsatsa daga ciki. Man birki yana shan raɓa daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, kuma idan ya tsufa yakan iya tafasa a lokacin da aka matse birki da ƙarfi, birkin ya saki. Tayoyi kuwa zanensu yana iya zama sabo fil alhali robar ta bushe. Ka duba gefen kowace taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Tayar da ta wuce shekara biyar ko shida ba ta dace a ɗora mata mutum biyu a kan kwaltar da rana ta gasa ba. Akwai kuma bel ɗin da yake cikin inji, wanda Honda ta ce a sauya shi a mil 90,000, kimanin kilomita 145,000 ke nan, amma tsufa kaɗai ya isa ya cinye shi, kuma in ya tsinke ana gudu, injin ne gaba ɗaya yake shiga wahala. Sai ƙarfen da yake riƙe da tayar baya, wanda aka san wannan ƙirar da cin tsatsa a wurin saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Duk waɗannan babu ɗaya da ƙarar inji za ta nuna maka a tsakar gidan mai sayarwa.

Daga nan sai tambayar wa zai gyara. Boxer ɗinka ko a ƙauye ya tsaya, ba za ka rasa bakanike a gindin bishiya da zai tayar maka da shi ba, kuma kayansa suna kowace kasuwa. Wannan kuwa masu iya shi a Kano ƙalilan ne, tayar bayansa mai lamba 160/70-17 ba kowane shago za ka shiga ka samu sabuwa ba, wasu kayan sai an aiko daga Legas ko daga waje, a kan farashin da yake bin dala. Ka yi tunanin ya mutu muku tsakanin Shuwarin da Jama'are da la'asar sakaliya, kana tare da iyali, ga shi ba abin da mutum ɗaya zai tura ba. Kafin ka sake zuwa wurin mai babur, ka zaga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa da wuraren masu gyaran manyan babura, ka tambayi kuɗin tayoyi biyu sababbi, batir, bel, robobin birki, baƙin mai da ruwan lagireto, da ladan aikin wanke kafireta. Abin da ka tara, ka ɗora shi a kan miliyan biyu da rabin nan, shi ne ainihin kuɗin babur ɗin. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar tsohon babban babur arahar takan zama kuɗin shiga ne kawai.

Maganar takardu ba ta buƙatar dogon bayani. Babu takardar kwastan a hannu, babu ciniki. Sai ka gan ta da idonka, ka gwada lambar jikin babur da ta inji da abin da aka rubuta, ka kuma tabbatar a ofishin kwastan da na 'yan sanda cewa takardar ta gaskiya ce kuma ba a kai rahoton satarsa ba. Mai yiwuwa mutumin nan yana da gaskiya, takardun suna wurin yayansa kamar yadda ya faɗa, kuma mai gaskiya ba zai ji haushi don an ce ya kawo su ba. Amma wanda yake gaggauta ka da Juma'a alhali shi bai gaggauta kawo takarda ba, ya sa keke a gaban doki ta fuskar ciniki, ya nemi ka amince masa kafin ya ba ka abin amincewa. Idan da gaske akwai wani mai so, ka bar masa. Baburan Beljiyam ba su ƙare a duniya ba.

Yanzu bari in zo kanka kai matuƙi, kuma ina roƙon kada ka ɗauki wannan a matsayin raina gwanintarka. Shekara tara a titunan Kano ba wasa ba ce, ta koya maka karanta hanya da halin direbobi, kuma wannan ilimi zai yi maka amfani a kan kowane babur. Sai dai hannunka ya saba da abin da bai kai kilo 130 ba, wannan kuwa yana kusan kilo 300, ƙarfin injinsa kuma ya ninka na Boxer fiye da sau goma. Ka ƙara nauyinka da na mai ɗakinka da kaya a akwatuna, kun doshi rabin tan a kan taya biyu. Irin wannan babur ba a gudu yake ba sabon hannu kunya ba, a tafiyar hawainiya ne: juyawa a lungu, tsayawa a shingen bincike, rairayin gefen titi, cunkoson kasuwar Wudil ranar Juma'a. Da zarar ya karkata ya wuce iyaka, ƙafa ɗaya ba za ta tare shi ba, kuma wanda yake baya shi ne ba ya da abin riƙewa. A buɗaɗɗiyar hanya kuma sanɗarsa ita ce haɗarinsa, domin za ka kai gudun kilomita 120 ba tare da jikinka ya gaya maka ba, alhali duk lokacin da gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake buƙata takan ninka huɗu, ga awaki da shanu da ramuka da masu tahowa ta hannun da ba nasu ba. Wanda zai goya iyalinsa a kan wannan, ya kamata ya yi watanni yana hawansa shi kaɗai tukuna.

Akwai kuma doka. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni da kewaye, abin da ya kawar da acaɓa ya cika gari da Adaidaita Sahu. Aiwatar da wannan doka yakan tsananta a wani lokaci ya sassauta a wani, saboda haka ka je ofishin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, da kanka ka tambayi matsayin mai goya iyalinsa, kada ka dogara da abin da ake faɗa a majalisa. Kana buƙatar lasin tuƙi rukunin A, da lamba da inshora, kuma tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta wajabta hular kwano ga matuƙi da wanda aka goya. Hula biyu masu inganci, da safar hannu da rufaffen takalmi na mutum biyu, su ma kuɗi ne da za ka sa a lissafi.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu kuɗi da haƙuri suna iya warware shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jimlar da ka rubuta game da mai ɗakinka, cewa ta ce duk yadda ka gani sannan ta yi shiru. Ɗan'uwa, kai ma ka san wannan magana a bakin matanmu tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma na tabbata da ba ta dame ka ba, da ba ka sa ta a wasiƙa ba. Wani lokaci yarda ce ta gaskiya, wani lokaci kuma kara ce da girmamawa, ta ga idonka ya rufe a kan abu, ba ta son ta zama ita ce ta rage maka farin ciki. Ka dubi lamarin daga kujerar baya. Ita ce za ta zauna awa uku a rana da ƙura, ba ta ganin gabanta sosai, ba ta riƙe da birki, rayuwarta tana hannun wanda bai daɗe da fara hawan abin ba. Kujerar tana da tsawo, akwatunan gefe suna sa hawa ya yi wuya ga mai zani, zaman gefe ɗaya kuma bai dace da irin wannan gudu ba sam. Dogon hijabi ko mayafi sai an tattare shi an danne, domin iska tana ja, kuma mun sha ganin abin da yake faruwa idan gefensa ya shiga taya. Idan Allah ya kawo rabo ta samu juna biyu, maganar hawan ta tsaya na tsawon lokaci. Sannan ita ce za ta sauka a ƙofar gidan iyayenta, ta amsa tambayar da mahaifiyarta za ta yi mata a ɗaki bayan an gama gaisawa da kai.

Ga kuma wadda wasiƙarka ta ambata sau ɗaya ta wuce, wato 'yarku. Idan za ku je Azare gaishe da kakanninta, ina za ta zauna? A nan ba zan sassauta harshe ba: yarinya mai shekara biyu ba ta da wurin zama a kan wannan babur, ko a tsakaninku, ko a goye a bayan uwarta, ko a kan tanki. Babu hular da za ta kare kanta, barci zai ɗauke ta a hanya, kuma uwar da ta riƙe yarinya da hannu biyu ba ta da hannun riƙe kanta idan aka taka birki ba shiri. Na san muna ganin ana yi kullum a cikin gari, amma yawan yin abu ba ya rage haɗarinsa, balle a babbar hanya mai tsawon kusan kilomita 200. Idan kuwa za a bar ta a Kano, ko uwar ta bi mota da ita kai ka bi su a babur, to dalilin sayen nan na kai iyali gida ya rushe, abin da ya rage shi ne sha'awarka. Sha'awar halal ce, amma a kira ta da sunanta, a kuma auna ta da ma'auninta.

Ma'aunin kuwa shi ne filin nan. Ka ce "muke tarawa", ba ka ce "nake tarawa" ba. Ko da kowace naira daga albashinka ta fito, akwai haƙurin da ta yi a cefane da sutura kafin kuɗin su taru, kuma a ranta ta riga ta fara gina ɗaki a wannan fili. Fili a Kano yau da wuya ya kwana a farashin jiya, tsohon babur kuwa kullum ƙasa yake yi, kuma masu sayen irinsa ba su da yawa ranar da ka matsu. Ko lissafin mai ma bai goyi bayan cinikin ba. Wannan babur yakan yi kilomita 16 zuwa 18 a lita, zuwa Azare da dawowa kimanin lita 25 ke nan, sau shida a shekara lita 150, ban da taya da sabis. Ka ɗauki biro ka gwada da kuɗin kujera biyu a mota sau shida, ko ma ku sayi kujera uku don ku sake, za ka ga shekarun da za a ɗauka kafin rarar ta biya miliyan biyu da rabi, in ma akwai rarar.

Abin da nake ba ka shawara ka fara yi, tun kafin bakanike da kwastan, shi ne ka zauna da ita a lokacin da hankalinku yake kwance, yarinya ta yi barci. Kada ka tambaye ta ko ta yarda ka saya, domin amsar da ta ba ka a baya za ta sake ba ka. Ka ce mata ka fasa biya a wannan makon, kuma kana son ka ji abin da yake ranta game da filin da kuma hawan babur zuwa gida, sannan ka yi shiru ka saurara, ko da abin da za ta faɗa bai yi maka daɗi ba. Ka gaya mata gaskiyar cewa abin yana ranka tun kana yaro. Mata da yawa sun fi karɓar wannan gaskiyar a kan a ce musu don su ake yi. Ku yi istihara ku biyu. Mai yiwuwa ka tarar ita ma tana sha'awar ku riƙa fita tare, tsoronta yarinyar ce kawai ko filin, ka ga sai ku san inda za ku ɓullo wa abin.

Idan bayan wannan zama kun ga a ci gaba, hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce a sayi filin tukuna, ka buɗe wani asusu dabam na babur, ko adashi ne, wanda ita ma ta san da shi. Zuwa Azare a ci gaba da bin mota, a riƙa sammako don a rage zaman tasha, ko ku haɗa kuɗin mai da wani ɗan'uwa mai mota da yake bin hanyar. Idan asusun ya cika, ba dole sai mai kilo 300 ba. Akwai matsakaita masu inji 650, irin su Honda Deauville ko Suzuki V-Strom, waɗanda suke ɗaukar mutum biyu cikin walwala kuma sun fi sauƙin sarrafawa, akwai kuma sababbi masu inji 200 zuwa 250 da kayan gyaransu suke samuwa a kasuwanninmu. Idan kuwa buƙatar iyali ce ta fi rinjaye, kuma ana sa ran ƙaruwa, to ƙaramar mota ce amsar, ko da za ta ɗauki lokaci.

In kuma zuciyarka ta kafe a kan wannan ɗin dai, kuma mai ɗakinka ta amince da bakinta ba don kara ba, to ka je da bakaniken da kai ka zaɓa kai ka biya, wanda ya san manyan babura, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ku je da safe ku tarar da injin a sanyaye, domin inji mai ɗumi yana ɓoye aibi. A cire robobin jiki a duba tsatsa da yoyon mai, a hau shi a yi tafiyar da za ta kai fankar lagireto ta tashi, a gwada kowace giya da birki biyun. A rage kuɗin gyaran da aka gano daga farashi, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu da hoton katin shaidar mai sayarwa. Bayan an gyara, ka yi aƙalla wata uku kana hawa kai kaɗai, sannan ka gwada goya wani abokinka namiji a fili, sannan ita a gajeriyar tafiya da rana, ka ƙara iskar taya ka ɗaure shokozoba ta baya daidai nauyin mutum biyu kamar yadda littafin babur ɗin ya nuna. Tafiyar dare kuwa babu ita, yarinya kuma tana mota ko tana gida.

Abokin aikinka da ya haɗa ku, ka yi masa godiya, ka gaya masa a fili cewa ba za ka iya biya ba sai ka ga takardu kuma bakanikenka ya duba, don kada ya ji kunya a wurin mutuminsa ko zumuncinku ya samu tabo. Shi kuma mai babur, ka kira shi yau ɗin nan, kada ka bari sai Juma'a, ka ce masa idan wancan mai son ya shirya ya sayar masa, Allah ya sa albarka, idan kuma bai zo ba, ya neme ka ranar da takardun suka iso hannunsa. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da 'yar ƙaramar, kuma ina son ka sake rubuto mini abin da ta ce bayan kun zauna.